Buroshin Wanke Taga Da Tataccen Ruwa: Abin Da Mai Sari Zai Duba Kafin Ya Zuba Jarinsa

Yau za mu ɗan jingine zancen hatsi da fata da atamfa, mu taɓa wata haja wadda masu zuwa Dubai da Cana ke cin karo da ita a shagunan kayan share-share, har waɗansu sun fara tambayarmu ko ta shigowa ce. Hajar kuwa ita ce buroshin wanke gilashin taga, wanda ake ɗaurawa a kan doguwar sanda, ruwa yana bi ta 'yar mesa yana fitowa ta tsakiyar gashinsa.

Wanda ya gan shi a hoto zai ce ai buroshin wankin mota ne aka ƙara wa mariƙi. To, daga nan asara ke farawa. Buroshin nan iri-iri ne, kowane da gilashin da aka yi shi dominsa, da irin dauɗar da yake fitarwa, da sandar da yake hawa. Mai sari in bai san haka ba, zai kwaso kwalaye bisa araha su zame masa kwantai, ko kuwa ya sayar, mai saye ya je ya karce gilashin mutane, ya dawo masa da rigima har bakin rumfa. Don haka muka ga ya kamata mu warware zancen dalla-dalla.

ASALIN SANA'AR

Sana'ar nan a Ingila ta fi ƙarfi. A can gidajen zama a jere suke, yawancinsu benaye ne, tagoginsu gilashi ne zalla, babu ƙarfen hana ɓarawo, babu ragar sauro. Akwai masu wankin taga da ke zagaya unguwa, kowane da gidajensa, wani gidan duk mako 4, wani duk mako 8, kamar dai yadda ɗan garuwa ke da gidajen da yake kai wa ruwa a nan. A dā da tsani suke yi, da bokiti da sabulu da 'yar robar share ruwa. Tsani kuwa ya karya da yawansu, ya yi ajalin waɗansu.

Tun cikin shekarun 1950 wani kamfani mai suna Tucker, a jihar Ayowa ta Amurka, ya fara ƙera sandar da ruwa ke bi ta jikinta. Amma a Ingila sai wajen ƙarshen shekarun 1990 abin ya fara yaɗuwa, sa'ad da aka haɗa sandar da tataccen ruwa. A shekarar 2005 gwamnatinsu ta kafa dokar aiki a wuri mai bisa. Dokar ba ta haramta tsani ba, amma ta ce duk aikin da za a iya yi mutum yana tsaye a ƙasa, to kada a hau sama dominsa. Daga nan masu wankin taga suka yi ta komawa ga sanda, kamfanoni irin su Gardiner da Ionic na Ingila, da Unger, da Vikan na Danmak, suka yi ta fito da buroshi launi-launi.

Ga yadda aikin yake. Mutum yana tsaye a ƙasa, famfo mai batir yana turo ruwa daga tanki ko jarka, ya goga buroshin a jikin firam da gilashi, ya ɗauraye daga sama zuwa ƙasa, ya kama gabansa. Ba sabulu, ba tsumma, iska ce ke busar da ruwan. To ku lura, tun da babu hannun da zai biyo baya ya gyara, abu biyu kaɗai ke taɓa gilashin, watau ruwa da buroshi. In ɗaya ya gaza, aiki ya ɓaci.

RUWAN BA FIYAWATA BA NE

Sunan da Turawa suka ba ruwan nan shi ne dai sunan da muke kiran ruwan leda da shi, don haka sai an yi hattara. Kowane ruwa, na famfo ko na rijiya ko na burtsatse, yana ɗauke da gishiri-gishirin ƙasa narkakke wanda ido ba ya gani. In ruwan ya bushe, shi ke zama farin tabo, irin wanda kuke gani a gindin buta ko a madubin mota. Ana auna shi da wata 'yar na'ura kamar biro, ana ce mata ma'aunin TDS, tana nuna kashi nawa ne cikin miliyan. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta 2007 ta yarda har 500. Amma masu wankin taga 000 suke nema, in ya haura 10 sai su fara ganin tabo. Ashe ke nan ruwa yana iya zama garau don sha, ya kuma ɓata gilashi.

Hanya biyu ake tace shi. Akwai matata mai matsa ruwa ta cikin wata fata, ana ce mata RO, ita ke kwashe mafi yawan gishirin. Sa'an nan akwai wani gari mai kama da ƙwan kifi, ana ce masa rezin, shi ke tsotse ragowar. Inda ruwa ba shi da nauyi, rezin kaɗai ya isa. Inda yake da nauyi, kamar na birnin Landan, sai an haɗa biyun, in ba haka ba rezin zai ƙare nan da nan. Mun kawo wannan ne domin mai sayar da buroshi ya sani, in ya sallama wa wanda ba shi da matata, gobe zai dawo ya ce buroshi ba shi da kyau, alhali ruwansa ne.

GASHI IRI HUƊU

Na farko, gashin roba miƙaƙƙe, na nailan ko foliyesta, wanda kowane tsinke ɗaya ne sumul har bakinsa. Ana yin mai laushi, da matsakaici, da mai tauri. Kyansa ba ya riƙe dauɗa, ruwa na wucewa yana wanke shi, har ana iya ɗauraya ba a ɗaga shi daga gilashi ba. Matsakaicinsa shi ne jakin aiki, shi mafi yawan masu sana'ar ke yini da shi. Mai taurin don kashin tsuntsu da gilashin da ya daɗe ba a wanke ba.

Na biyu, gashin roba mai tsagaggen baki. An farfasa kan kowane tsinke ya yi buzu-buzu, saboda haka yana da taushi, yana riƙe ruwa, yana shafar gilashi ko'ina. A Ingila suna sonsa wajen tsofaffin tagogi masu zanen dalma, waɗanda ba su son ƙarfi. Aibinsa, yadda yake riƙe ruwa haka yake riƙe yashi, kuma lalle sai an ɗaga shi daga gilashi kafin a ɗauraye. Mai shafa hannu a shago wannan zai zaɓa, don ya fi daɗin taɓawa. To, a ƙasa mai ƙura taushin nan na iya zama sharri, kamar yadda za mu faɗa a gaba.

Na uku, gashin alade. Ya fi sauran cizon dauɗa, musamman a wankin farko, domin kowane tsinke yana da kaushi na halitta. Amma ya fi tsada, yana shan ruwa ya yi nauyi, yana jan hannu a kan gilashi, kuma ya fi na roba saurin cinyewa.

Na huɗu, gauraye. Mafi yawa ana sa gashin alade a tsakiya, nailan a kewaye, don a sami cizon wancan da rashin nauyin wannan. Akwai kuma gaurayen da duka roba ne, mai tauri ciki, mai laushi waje. Sunan gauraye kaɗai bai isa ba, sai an tambayi me da me aka gauraya.

GIRMA DA NAUYI DA FASALI

Faɗin da aka fi yi shi ne inci 10, da 14, da 18, watau wajen santimita 25 da 35 da 45. Ɗan kasuwa kan ɗauka babba ya fi daraja, amma a tagar gida inci 10 ne sarki, don shi ke shiga ƙananan tagogi ya kai lungu. Inci 14 da 18 na manyan gilasai ne, irin na gaban banki da otal.

Nauyi kuwa kada a raina shi. Akwai buroshin da bai kai giram 150 ba, akwai wanda ya haura 300. A tafin hannu bambancin ba kome ba ne, amma sandar gida mai bene takan kai ƙafa 20 zuwa 25. Duk wanda ya taɓa kaɗo mangwaro da doguwar gora ya san abin da ɗan nauyi a can ƙarshe ke yi wa kafaɗa, balle a yini ana yi. Shi ya sa masu sana'ar ke biyan kuɗi mai yawa don buroshi marar nauyi, da sandar kabon maimakon ta faiba ko alminiyom.

Wajen fasali, a nemi mai aski biyu, watau gashin kewaye dogo, na tsakiya gajere. In an danna, dogon ya baje ya shiga kusurwa, gajeren ya yi guga. Akwai kuma wanda aka karkata gashinsa ta ƙasa don ya wanke gindin taga tare da gilashi, sai dai ya fi nauyi. A duba gefen katakon ko robar da aka dasa gashin, in yana da kaifi zai bugi firam ya kankare fenti.

'YAN BUTUTUN RUWA

A cikin gashin akwai 'yan bututu da ruwa ke fitowa. Waɗansu suna tsarto shi siriri kamar tsinke, yawanci biyu ko huɗu, bakinsu wajen milimita 2. Waɗansu suna baza shi kamar mafici. Akwai kuma sandar ɗauraya da ake ɗorawa a saman buroshi, mai jerin huda, tana zubo ruwa kamar labule. Dalilin bambancin, gilashi hali biyu gare shi. Wani in an zuba masa ruwa sai ya kwanta ya gangaro shimfiɗe, wannan siririn bututu ya ishe shi. Wani kuwa sai ruwan ya dunƙule ɗigo-ɗigo kamar a kan ganyen gwaza, wannan ya fi son mai bazawa ko sandar ɗauraya.

Amma kowane ƙarin huda ƙarin ruwa ne. Aikin yakan ci lita 1 zuwa 2 a minti. In mun ɗauki lita ɗaya da rabi, jarka mai lita 25 ba za ta wuce minti 17 ba. Inda ake sayen ruwa a kura sa'an nan a tace shi, mai saye zai gode wa wanda ya ba shi buroshi mai bututu biyu.

MAƊAURI

Nan ne muka taɓa ƙonewa da kanmu. Wata shekara mun yi wa wani maigida dillancin sanduna daga wuri guda, buroshi daga wani wurin, don mun sami rangwame. Kaya suka iso lafiya, aka buɗe kwali, buroshi ya ƙi hawa sanda. Ashe murɗin da ake ɗaura su ba ɗaya ba ne. Akwai murɗin Turai, akwai na Amurka, kuma manyan kamfanoni kamar Gardiner da Unger kowane yana da nasa maɗauri. Sai da aka sake aikawa aka kawo 'yan mahaɗai, kaya suna zube wata da watanni, la'adarmu ta tafi a nan. Cinikin biri a sama ke nan. Wanda zai yi sari ya sa a ɗaura buroshin a kan sandar a gabansa, ya zura mesar a bututun, ya ga ta kama.

ZANCEN GASHIN ALADE

Wannan ya shafe mu fiye da yadda ya shafi Turawa. Mafi yawan gashin alade da ake buroshi da shi a duniya daga Cana yake fitowa, kuma sau da yawa a jikin kwali ba a ambaton dabbar, sai dai a rubuta cewa gashin halitta ne. Gane shi ba wuya. A ciro tsinke ɗaya a kai shi ga ashana. Na roba zai narke ya dunƙule ya yi tauri. Na dabba zai ƙone da ƙaurin gashi, a murje shi ya zama toka. Na alade kuma yana da kauri a gindi, ya sirance zuwa sama, bakinsa a tsage.

Malaman Malikiyya sun lissafa gashin da aka yanke cikin abubuwa masu tsarki ko da na alade ne, haka yake cikin Muhtasar na Halilu, amma wanda aka tuge, saiwarsa ba ta da tsarki. Game da amfani da shi, Ibnul Ƙasim ya halatta, Asbagu ya hana. Shafi'awa kuwa najasa suke ganinsa. Fatawa ba tamu ba ce, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da yake namu 'yan kasuwa shi ne kada a ɓoye. Mai saye yana iya zama wanda zai wanke tagar masallaci ko ta makarantar Islamiyya. In ya gano daga baya, ba cinikin buroshi kaɗai aka rasa ba, har da amana, ita kuwa ba a sarinta a kwali. Dillali ma haka, ya faɗa wa ɓangare biyu tun kafin a yi albarka.

A NAN GIDA WA ZAI SAYA

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Gidajenmu ba irin na Ingila ba ne. Tagoginmu da yawa akwai ragar sauro ko ƙarfe a gabansu, buroshi ba zai kai ga gilashi ba. Waɗansu gilashinsu falle-falle ne, ruwa zai shige ɗaki. Gidan da ba bene ba kuwa yaro da tsumma ya gama da shi. Saboda haka wanda ya yi tsammanin hajar nan za ta tafi kamar bokiti ko tsintsiya, ya sake lissafi.

Masu sayenta su ne masu kwangilar share-share da ke yi wa bankuna da otal-otal da asibitoci aiki, da masu kula da manyan benaye na sababbin unguwanni a Abuja da Kano da Kaduna da Yamai, da kuma masu haɗa wutar sola. Waɗannan na ƙarshe kada a manta da su, domin farantin sola gilashi ne a kan rufi, ƙura na rufe shi wuta ta ragu, kuma da irin wannan sanda ake wanke shi. Shi mai laushi yake so, mai faɗi, kuma da safe ko da yamma, ba sa'ad da ya ɗauki zafin rana ba. Wurin baje hajar kuwa shi ne inda mutanen nan ke zuwa, kamar kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Dei-Dei a Abuja, da layin masu kayan sola.

Sai zancen ƙura. Ƙurar hunturu, wadda da yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, tana haɗuwa da ɓarɓashin yashi, yashi kuwa ya fi gilashi tauri. Gashin nailan ba ya karce gilashi, amma yashin da ya maƙale cikinsa yana karcewa. Shi ya sa muka ce a ƙasarmu miƙaƙƙen gashi ya fi mai tsagaggen baki. A gaya wa mai saye ya fara jiƙa gilashi ƙura ta gangara kafin ya goga, ya fara da saman firam, kuma kada ya ajiye buroshi gashi a ƙasa. Gilashi mai launi ko mai ɗaukar ido, da rufin roba mai kama da gilashi, a gwada a ɗan lungu tukuna. A kuma gaya masa gaskiya, siminti da fenti da tsohon tabon ruwa buroshi ba ya fitar da su.

Abu ɗaya kuma ya fi duk waɗannan, don shi na rai ne. Sandar kabon da ta alminiyom suna ɗaukar wutar lantarki, ga shi kuwa a garuruwanmu wayoyi sukan bi ta jikin benaye. Duk wanda aka sallama wa sanda a ja masa kunne, ya ɗaga kai ya duba kafin ya miƙe ta.

KAFIN A BIYA

Wanda ya ƙudura zai gwada, shawararmu ya fara da kaɗan. Mafi yawan kayansa su zama miƙaƙƙen gashi matsakaici, inci 10, mai aski biyu. Sai mai laushi inci 14 don masu sola. Mai tauri 'yan kaɗan. Na gashin alade da gauraye kada ya ajiye, sai wanda ya nema da bakinsa. Kowane samfur ya ja gashinsa da yatsa ya ga ko yana tugewa, ya danna shi a gilashi ya ga ko yana komawa tsaye, ya ɗora shi a sikeli. Ya haɗo da bututu da mahaɗai na canji, da ma'aunin TDS, da buhun rezin. A nan ribar take, domin sanda sau ɗaya ake saye a daɗe, amma buroshi yana cinyewa, rezin yana ƙarewa, mai saye dole ya dawo wurin wanda ya ba shi na gari.

Wajen ajiya, kada a danne kwalaye a ƙarƙashin kwano mai zafi, gashin roba zai lanƙwashe. Wanda ya ɗan karkace akan tsoma shi a ruwan zafi ya miƙe. Na gashin dabba kuma ba ya son laima, asu ma yana cinsa. Lokacin ciniki hunturu ne, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, saboda haka mai kawo kaya ta jirgin ruwa tun da damina zai yi oda.

To jama'a, kun ji. Haja ce mai masu saye kaɗan, amma masu sayen sun san abin da suke nema, kuma suna dawowa. Wanda zai shige ta ya fara zuwa wurinsu ya ga sandar da ke hannunsu da gilashin da suke wankewa, sa'an nan ya kwance bakin jakarsa. Allah ya ba mu ciniki mai albarka, ya tsare mu da kwantai.